Ɓarauniyar Almakashi

"…da gajiya, da mutanen Messa, da ɓerayen gidanku da suka koya miki sana'a?" in ji Ɗanmalam.

"Duk lafiya lau, suna gaida bawansu. Kai kuma haka ake tarbar uwargijiya, kana zaune daɓas kamar buhun garin rogo? Tashi ka ba ni kujera."

"Kujera ta baƙi ce. Ɓarawo a tsaye yake aikinsa."

Zinariya ta janyo benci da ƙafa ta zauna abinta, ta gyara mayafi.

Shagon Ɗanmalam tela yana cikin unguwar Briqueterie ta Yaoundé, a layin da hayaƙin masu soya, wato masu tsire, ke riga kowa shigowa. Shekara talatin da biyar yana yanka shadda a kan teburi ɗaya, kuma unguwa ta san shi da abu biyu: wuyan riga da ba ya karkacewa, da ƙin tafiya a ƙasa. Masallacin bayan shagonsa ma, da liman zai yarda, a kan moto, wato babur, zai shiga sahu. Zinariya kuwa 'yar kawunsa ce, mai sayar da kayan yaji a kasuwar Mokolo. Ubanta ƙanin mahaifiyarsa ne, wato taubasai suke, ita 'yar namiji, shi ɗan mace. Tun suna yara take kiransa bawanta, shi kuma ba ya kiranta da sunan kirki. A tsakanin irin waɗannan, abin da ɗaya ya ɗauke wa ɗaya ba a kai ƙara, ba a yin fushi. Wanda ya ɓata rai shi unguwa ke yi wa dariya.

Da wannan dama Zinariya ta addabe shi wata uku cur. Kullum bayan azahar, yana wanke hannu daga abinci sai ga ta. Ta zage shi tas, ta sure babban almakashin da ya gada wurin mahaifinsa, wanda ba ya yarda ya taɓa shadda da waninsa, ta kama hanyar Mokolo. Ranar farko ya bi ta a moto, ta zauna a kan almakashin ta ce bawa ba ya zuwa gaban uwargijiyarsa a kan abin hawa. Dole ya mayar da moto ya tako da ƙafa. Ya ɓoye almakashi, ta ɗauki tabarau. Ya ɓoye tabarau, ta rataya tef ɗin awonsa a wuya ta fice. Haka ya riƙa bin ta, minti ashirin zuwa, minti ashirin dawowa, ga hawa ga gangara irin na Yaoundé, yana tafe yana haki yana jero wa dangin uwarsa baƙaƙen maganganu.

Yau dai baki ne kawai ke wasa, hankalinsa a tashe yake tun safe. Ɗanmalam yana da ciwon sukari. Wata uku da suka wuce likita ya yi masa irin awon jinin da ke nuna yadda sukari ya zauna a jiki tsawon watanni, ya fito tara da ɗigo huɗu. Likitan ya duba ƙwayoyin da yake sha ya ce in ya dawo bai sauko ƙasa da takwas ba, to sai a fara allurar insulin, kullum ta Allah. Ɗanmalam na tsoron wannan allura fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa. Da safen nan ya karɓo sabon sakamako daga labo, ɗakin awon jini, gobe zai kai wa likita, kuma ga ambulan ɗin nan a liƙe a ƙarƙashin wata farar shadda. Sau huɗu yana ɗagawa yana mayarwa.

Zinariya ta leƙa kwanon da ke gefen keken ɗinki.

"Ikon Allah! Yau tuwo ya tsira daga hannunka? Bari in sanar da kartiye, unguwa kaf ta ji Ɗanmalam ya bar saura."

"Ganinki na hango tun daga nesa, abincin ya fita raina."

"Ƙarya kake. Kai da ka cinye tuwon sunana kana ɗan shekara uku, har yau ana ba da labari. Kuma me ya sa almakashi yake a fili yau ma, kamar an ajiye wa mai shi? Ka tuba ne?"

"Ɗauki ki tafi. Yau ba na bin kowa."

Ta dube shi da kyau. Idonta ya sauka kan kusurwar takardar da ta leƙo daga ƙarƙashin shadda, kuma kafin ya miƙa hannu ta zare ta. Hannun mai auna barkono ne, ba ya jira.

"Ke! Wannan ba abin wasa ba ne. Ajiye."

"Duk abin da ke shagon bawana nawa ne. Ashe an karɓo! Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe takwas."

"Tun ƙarfe takwas kana kwance a kai kamar kaza? Jira kake ya ƙyanƙyashe?"

"Gobe likita zai buɗe. Aikinsa ne, ba aikin masu daddawa ba."

"Ka ce dai tsoro. Ƙaton banza, ga furfura ga tumbi, takarda ta hana shi cin tuwo. Gadon gidanku ne ai. Ubanka ma an ce ranar da ya zo neman auren gwaggona, zakara ya kore shi har bakin masallaci."

"Uwata ce ta goya ubanki, ta share masa majina. Da ba don ita ba da kaji sun cinye shi a tsakar gida, mu huta da ke."

Ya faɗa da ƙarfi, amma idonsa na kan ambulan. Zinariya ta ɗaga shi sama tana duba shi da hasken ƙofa, kamar mai tantance jabun kuɗi.

"Bon. Kafin in buɗe, faɗa mini. Da likita ya ce ka riƙa motsa jiki, me ka yi?"

"Na yi. Kowa ya shaida na yi."

"Ka yi me? Faɗi, ina so in sake jin daɗi."

Wannan labari ne da Ɗanmalam ya so ƙasa ta haɗiye. A Yaoundé, in dattijo ya ce yana motsa jiki, to deux-zéro yake nufi, wato ƙwallon da manya ke taruwa su buga ranar Lahadi da safe, su tashi daga fili su zarce wurin ciye-ciye. Ɗanmalam ya ɗinka wa kansa wando har gwiwa da kore da ja, ya sha ƙwayoyinsa bai karya ba, ya shiga fili da niyyar ya biya motsa jikin shekara talatin a safiya ɗaya. Minti ashirin da biyar ya yi. Gumi mai sanyi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, ya ga gola ya zama mutum biyu, ya zube. Sukarinsa ne ya faɗi ƙasa warwas. Sai da Yuguda mai soya, maƙwabcin shagonsa, ya ɗura masa lemon kwalba ya dawo hayyacinsa. Da ya farfaɗo kuma ya rama da fanke takwas da wake da kunu mai sukari, da yamma na'urar awonsa ta nuna lambar da bai taɓa gani ba.

"Na buga ƙwallo," in ji shi a taƙaice.

"Ƙwallo ta buga ka dai. An ce da ka faɗi har mutanen Cité Verte sun fito waje, sun ɗauka girgizar ƙasa ce."

"Shi ya sa na ce motsa jikin nan guba ne. Da safe ya kayar da ni, da yamma ya hau da ni sama. Ina amfaninsa?"

"Wa ya aike ka gudu da yunwa bayan ka sha magani? Wa ya aike ka fanke takwas? Ai ba haka likita ya ce ba."

"Cewa ya yi in riƙa yawo bayan cin abinci. Yawo! Ni da furfurata in fita ina zaga kartiye, ba aike ba saƙo? Kafin la'asar an ce Ɗanmalam ya sayar da moto. Kafin magariba an ce ya taɓu. Dattijo ba ya tafiya sai da dalili."

"To, Allah ya kawo maka dalili," in ji Zinariya, ta sa farce ta yage bakin ambulan.

Ƙarar yagewar ta ratsa shi har ƙafa. Ya kama gefen teburi. Ta zaro takardar a hankali, ta nisanta ta da fuska, ta matso da ita, ta juya ta baya. Ta yi makarantar Faransanci har aji shida, karatun ba ya yi mata wuya, mugunta ce kawai.

"Kai! Innalillahi."

"Mene ne? Nawa?"

"Sun rubuta shekarunka sittin da ɗaya. Wa ka ba cin hanci ya rage maka goma?"

"Zinariya, don girman Allah."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun ranar da aka yi jana'izar mijinta. Ta ji shi, ta daina juya takardar.

"Sept virgule deux," ta ce. "Bakwai da ɗigo biyu, ɗan gwaggo. Ga shi nan, duba da idonka."

Ya karɓa. Ya sa yatsa a ƙarƙashin lambar kamar yaro a gaban allo, ya karanta, ya sake karantawa. Bakwai ce, ba ta canza ba. Wani abu da ya tokare masa ƙirji wata uku ya sauka gaba ɗaya. Ya cire tabarau ya goge ido da gefen hannun riga, yana ta alhamdulillahi a hankali. Daɗi ya ji irin wanda bai ji ba tun ranar da aka ce masa matarsa Fatu ta sauka lafiya a haihuwar fari.

"Ashiya, sannu," in ji Zinariya. "Hayaƙin soya ne ya shige maka ido, na sani. Kar ka jiƙa shaddar mutane."

"Hayaƙi ne mana. Me zai sa ni kuka a gaban mai daddawa?"

Ya janyo kwanon tuwon ya buɗe. Yunwar da ta gudu tun safe ta dawo da ƙarfinta.

"Likita ne dai zai yanke gobe," ta ce, "amma ya ce ƙasa da takwas, ga ka ƙasa da takwas. Sai ka durƙusa ka gode wa uwargijiyarka."

"In gode miki da me? Shuwakar da nake sha ce ta yi aiki. Da ƙwayoyina. Da Fatu da ta mayar da malmalar tuwona kamar ta jariri, ta cika kwano da ganye sai ka ce akuya take kiwo."

"Ƙwayoyin nan shekara nawa kana sha lambar tana hawa? Ban raina su ba, da su da ganyen Fatu duk sun yi nasu. Amma naman cinyar nan taka murhu ne, malam. In ka ci tuwo ka zauna, itacen yana jibge a jini ba mai ƙona shi. In ka tashi ka taka, cinya ta ja sukarin ta ƙone. Kuma wutar ba ta mutuwa da ka zauna, tana ci har dare. Ba gudu ake so ba, ba wandon kore da ja ba. Tafiya kullum, bayan abinci."

"Ji likitar barkono! A ina kika yi wannan karatun, tsakanin citta da kanumfari?"

"A bakin gadon Alim na yi shi."

Alim mijinta ne, direban babbar mota, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ciwon nan ne ya fara cin yatsan ƙafarsa, ya ci ƙafar, daga baya ya tafi da shi.

"Wata takwas ina jinya," ta ce, muryarta ta sauka. "Duk abin da ma'aikatan asibiti suka faɗa na haddace, amma na haddace a makare. Kuma bari in gaya maka, allurar da kake gudu ba ita ce abin tsoro ba. Da Alim ya yarda da ita da wuri, wataƙila da yanzu yana nan yana taya ni zaginka. In wata rana likita ya ce sai ita, ni zan riƙe ka a yi maka. Abin da na ƙi shi ne in zuba ido zama ya kashe ka. Da Fatu ta zo rumfata tana hawaye ta ce ka rantse ba za ka taka ko'ina ba, na ce ta bar ni da kai. Duk waɗanda suka san ni tun ina yawo ba ɗankwali sun ƙare, saura kai. In ka tafi wa zan zaga?"

Ɗanmalam ya ajiye lomar da ke hannunsa. Tausayinta ya kama shi, da kunya, da wata irin godiya da ba a saba furtawa tsakanin taubasai. Ya san in ya bari maganar ta zauna haka za su yi kuka su biyu a gaban masu wucewa, don haka ya ɗaure fuska.

"Wato da Fatu aka haɗa baki. Shi ya sa ina wanke hannu kike faɗowa kamar an jefo ki. Ni ina nan ina cewa aljanu gare ki."

"Waya gare ni. Tana aiko maka da kwano take kirana."

"Munafukai. To wannan ƙullin na bakin mayafinki fa, da kike kaɗa mini a hanya? Na ɗauka laya ce kika yi don in riƙa bin ki."

Ta kwance ƙullin. Dabino uku ne, sun yi laushi don ɗauka.

"Saboda kai ne, ragon maza. In jiri ya ɗebe ka a hawan Messa in tura maka a baki. Ka ɗauka zan iya ɗaukar buhu irinka? Kuma kai ma kar ka yi mini fuskar marar laifi. Tun watan jiya ka daina ɓoye almakashi. Kullum yana bakin teburi, hannunsa na kallon ƙofa. Ka ɗauka ban lura ba?"

An kama shi. Gaskiyar ita ce tun sati na uku ya gane. Wata ranar Talata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, Zinariya ba ta zo ba, ya ci tuwo ya zauna. Bayan awa biyu ya soki yatsa ya auna, na'ura ta ba shi giram biyu da ɗoriya. Washegari ya ci irin tuwon, ya bi ta Mokolo ya dawo, ya auna ya ga giram ɗaya da rabi. Ya sake gwadawa sau uku a ɓoye don ya ƙaryata na'urar, ta ƙi ƙaryatuwa. Daga nan ya ci gaba da zagin a hanya yadda ya saba, don in ya daina, unguwa za ta gane yawon likita yake yi.

"Mantuwa ce ta tsufa," ya ce.

"Mantuwa kullum a wuri ɗaya?"

"To na ji! Na sani. Na auna na gani. Kin ci, 'yar kawu, kin ci. Sai ki sa a yi shela a Mokolo."

Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza tumbi, ita ma ta kama, har Yuguda ya leƙo ya ga ko lafiya ya koma. Ɗanmalam ya sunkuya ƙarƙashin teburi, ya ture tarin ƙyallaye, ya janyo wata baƙar leda ya ajiye a gabanta.

"Me ye wannan? Ragowar ƙyalle za ka ba ni?"

"Buɗe dai, kin iya buɗe abin mutane."

Takalmi ne na tafiya, mai taushin ciki da igiya, ruwan toka. Ta juya shi ta duba lambar, daidai ƙafarta.

"Wa ya gaya maka lambata?"

"Wata uku ina bin bayanki, me nake kallo in ba dugaduganki ba? Tela ne ni, ido na awo ne. Silifas ɗin nan naki sun cinye ta gefe guda, kuma tun sati biyar kike ɗingisa ƙafar hagu a hawan nan kina ɓoyewa. Sati biyu ke nan da na saya. Na ce ko lamba ta sauka ko ba ta sauka ba, ba za a ce ɓarauniyar gidanmu tana sata da tsinkakken takalmi ba."

Zinariya ta daɗe tana kallon takalmin a cinyarta. Ta cire silifas ta zura ƙafa, ta ɗaure igiya, ta miƙe ta taka sau biyu a kan siminti.

"Ba laifi," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Bawa ya fara sanin aikinsa."

"Hayaƙin soya ne ya shige miki ido?"

"Rufe mini baki."

Ya share kwanon tas, ya wanke hannu a bakin ƙofa, ya ninke takardar labo ya sa a aljihun gaba. Moto na jingine a inda yake, ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗauki almakashin mahaifinsa ta wajen tsini, ya miƙa mata hannun.

"Ungo, ɓarauniya. Yi gaba ina biye. Kuma ki ɗaga murya in kin zo wajen masu soya, kar su ce yawo nake yi."